Afaf Meleis

Afaf Ibrahim Meleis (an haife ta a shekarar 1942) farfesa ce a fannin aikin jinya da ilimin zamantakewa, 'yar asalin ƙasar Masar wadda ta yi mafi yawan aikinta a Amurka. Ta koyar a Jami'ar Kalifoniya tsawon shekara 34, daga baya ta shugabanci Makarantar Aikin Jinya ta Jami'ar Pennsylvania daga 2002 zuwa 2014. An fi saninta da bincike kan lafiyar mata baƙi da matan al'ummomi tsiraru, musamman waɗanda suka yi ƙaura daga Gabas ta Tsakiya zuwa Amurka, da mata masu ƙaramin ƙarfi a Brazil da Kolombiya da Masar. Ita ce kuma ta jagoranci samar da ra'in sauyin rayuwa, wanda ake karantarwa a makarantun jinya na ƙasashe da dama. Ra'in yana bayani ne kan halin da mutum ke shiga idan yana tsallakawa daga wani yanayi na rayuwa zuwa wani, kamar haihuwa ko ƙaura ko rashin lafiya, da irin taimakon da ya kamata ma'aikacin jinya ya ba shi a wannan tsakanin.

Farkon rayuwa da karatu

An haifi Meleis a birnin Iskandariyya da ke gaɓar tekun Bahar Rum, kuma a nan ta tashi. Mahaifiyarta ma'aikaciyar jinya ce, tana cikin matan farko da suka yi karatu mai zurfi a wannan fanni a Masar, a lokacin da iyalai masu hali ba sa son 'ya'yansu mata su shiga aikin jinya saboda ana yi masa kallon aikin hidima. Meleis ta bi sahun mahaifiyarta, ta kammala digirin farko a aikin jinya a Jami'ar Iskandariyya a 1961.

Bayan haka ta sami tallafin karatu na Gidauniyar Rockefeller ta tafi Amurka. A reshen Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles ta yi digiri na biyu a aikin jinya a 1964, ta ƙara wani digiri na biyu a ilimin zamantakewa a 1966, sannan ta kammala digirin digirgir a 1968 a fannin halayyar ɗan Adam da ta shafi lafiya da zaman jama'a. A wancan zamani jami'o'in da ke ba da digirin digirgir a aikin jinya kansa ƙalilan ne, shi ya sa malaman jinya da yawa na tsararta suka ɗauko nasu daga wasu fannoni. Binciken da ta yi tana ɗaliba ya shafi tsarin iyali da yadda miji da mata ke tattaunawa kan yawan 'ya'yan da za su haifa.

Aikin koyarwa

Ta fara koyarwa a Los Angeles, sannan a 1971 ta koma reshen jami'ar da ke San Francisco, wanda ya keɓanta da fannonin kiwon lafiya. A can ta yi kimanin shekara talatin tana koyar da ɗaliban digiri na biyu da na digirgir darussan ra'i da hanyoyin bincike. A tsakiyar shekarun 1970 ta yi aiki na ɗan lokaci a Kuwait, inda ta taimaka wajen tsara karatun jinya.

A 1985 ta fitar da littafinta mai suna Theoretical Nursing: Development and Progress, wanda ya bi diddigin yadda tunanin masana aikin jinya ya bunƙasa tun daga zamanin Florence Nightingale. An sake buga littafin sau da dama, har ya kai bugu na shida, kuma yana cikin littattafan da ɗaliban manyan digiri a fannin jinya ke dogara da su.

Bincike kan baƙi daga Gabas ta Tsakiya

Lokacin da Meleis ta fara rubutu kan Larabawan Amurka, abin da aka wallafa game da lafiyarsu kaɗan ne ƙwarai. A 1981 ta buga maƙala a mujallar American Journal of Nursing kan halin da Balarabe ke samun kansa a asibitocin Amurka, kuma a wannan shekarar ta fitar da wata tare da Leila Sorrell kan yadda matan Larabawa ke fuskantar haihuwa a can. A San Francisco ita da Juliene Lipson, ma'aikaciyar jinya kuma masaniyar al'adun al'umma, sun gudanar da wani shiri na nazarin lafiyar baƙi da yadda suke sabawa da sabon wuri. Taƙaitaccen sunan shirin shi ne SIHA, wanda ya yi daidai da kalmar Larabci mai nufin lafiya.

A maƙalar da suka buga a 1983 a mujallar Western Journal of Medicine, Lipson da Meleis sun bayyana wuraren da ake yawan samun saɓani tsakanin ma'aikatan asibiti da marasa lafiya daga Gabas ta Tsakiya. Dangi kan cika ɗakin majinyaci domin a wurinsu barin mara lafiya shi kaɗai abin kunya ne, ma'aikata kuwa suna ganin hakan keta dokar ziyara ne. Likita kan jero tambayoyi kai tsaye kan al'amuran sirri tun haɗuwar farko, alhali majinyacin yana jiran a gaisa a san juna kafin ya buɗe cikinsa. Iyali sukan so a sanar da su mummunan labari kafin a faɗa wa mai ciwon, a kuma faɗa masa sannu a hankali don kada ya yanke ƙauna, tsarin asibitin kuma ya tanadi a gaya wa majinyaci komai da kansa. Sakamakon haka sai a riƙa yi wa waɗannan mutane laƙabin masu wuyar sha'ani. Marubutan sun nuna cewa yawancin matsalar daga rashin fahimtar juna take, kuma sun ba ma'aikata shawarwari kan yadda za su sami amincewar majinyaci da danginsa.

Daga nan hankalinta ya ƙara karkata ga mata. A maƙalarta ta 1991 a mujallar Health Care for Women International ta duba yadda macen da ta yi ƙaura ke rayuwa tsakanin al'adu biyu: a gida ana sa ran ita ce za ta riƙe harshe da addini da tarbiyyar yara irin ta ƙasarsu, a waje kuma ana sa ran ta koyi sabon harshe, ta nemi aiki, ta iya hulɗa da makaranta da asibiti. A 1992, tare da Lipson da Steven Paul, ta kwatanta lafiyar rukunoni biyar na baƙi daga Gabas ta Tsakiya, abin da ya nuna cewa kuskure ne a ɗauke su a matsayin jama'a ɗaya mai buƙatu iri ɗaya. A 1995 kuma ita da Marianne Hattar-Pollara suka wallafa nazari kan matan Jodan mazauna Amurka, inda matan suka yi bayanin kaɗaici, da rabuwa da dangin da a da suke taya su reno da aikin gida, da fargabar kada 'ya'yansu su tashi ba su san al'adarsu ba.

Aikin mata da lafiyarsu

Reshe na biyu na bincikenta ya shafi aikin da mata ke yi. Meleis ta soki yadda masu bincike da hukumomi ke fassara kalmar aiki da ma'anar aikin albashi kawai, domin wannan fassara tana fitar da girki da reno da jinyar tsofaffi da ƙananan sana'o'in cikin gida daga lissafi. Idan ba a ƙirga waɗannan a matsayin aiki ba, to ba za a bincika illarsu ga lafiya ba, kuma dokokin kare ma'aikata ba za su shafi masu yin su ba.

Ta fara da matan da ke aikin ofis a Amurka, inda ita da abokan aikinta suka duba yadda mace ke haɗa matsayinta na ma'aikaciya da na uwa da na matar aure, da tasirin hakan ga lafiyarta. Daga baya aka faɗaɗa binciken zuwa wasu ƙasashe. Tare da Pilar Bernal ta yi nazarin 'yan aikin gida da ake biya kullum a birnin Cali na Kolombiya, waɗanda ba su da tabbacin aikin gobe balle hutun rashin lafiya. A 1994 ta fitar da maƙala tare da wasu masu bincike uku wadda ta tattara labaran mata matalauta daga Brazil da Masar da Kolombiya, inda aka nuna cewa aikinsu yana da yawa, amma a ɓoye yake, kuma ba a ba shi daraja. Wannan layin bincike ne ya haifar da littafin da ta tace a 2001 mai suna Women's Work, Health and Quality of Life.

Ra'in sauyin rayuwa

Ra'i a wurin masana shi ne tsararren bayani da ake ɗora bincike a kansa. Na Meleis ya samo tushe ne daga maƙalarta ta 1975 a mujallar Nursing Research, inda ta yi magana kan mutumin da ya shiga sabon matsayi bai san yadda zai riƙe shi ba, kamar wadda ta yi haihuwar fari ko wanda ya tashi daga ciwon zuciya. Ta ce aikin ma'aikacin jinya ne ya cike wannan giɓi ta hanyar bayyana masa abin da matsayin ke buƙata, da haɗa shi da waɗanda suka riga shi shiga, da ba shi damar gwadawa kafin lokaci ya yi. An jarraba wannan tsari a kan sababbin iyaye da masu ciwon zuciya da iyalansu.

A 1986 ita da Norma Chick ta Jami'ar Massey da ke New Zealand suka rubuta babi da ya sanya sauyin yanayi a tsakiyar aikin jinya. A 1994 kuma, tare da Karen Schumacher, ta kasa sauye-sauyen gida huɗu. Akwai na girma da shekaru, kamar balaga da zama uwa da ɗaukewar al'ada da tsufa. Akwai na halin da mutum ya tsinci kansa, kamar ƙaura ko mutuwar miji ko rasa aiki. Akwai na lafiya da cuta, kamar jin sakamakon gwaji ko sallama daga asibiti zuwa gida. Na huɗu shi ne na hukumomi, wato idan wurin aiki ya canza shugabanci ko tsari.

Cikakken ra'in ya fito a shekarar 2000 a mujallar Advances in Nursing Science, a maƙalar da ta rubuta tare da Linda Sawyer da Eun-Ok Im da DeAnne Hilfinger Messias da Karen Schumacher. An gina shi ne a kan nazari biyar, uku daga ciki kan matan tsiraru a Amurka: baƙaƙen fata masu haihuwar fari, da matan Koriya baƙi da ke kan ɗaukewar al'ada, da matan Brazil da suka yi ƙaura don neman aiki. Sauran biyun sun shafi iyayen yaran da aka haifa da ciwon zuciya da kuma masu jinyar 'yan uwansu da ke fama da cutar daji. Saɓanin yadda aka saba a lokacin, inda ake gina ra'i a kan mafi rinjayen jama'a sannan a gwada shi a kan tsiraru, wannan an ɗauko ginshiƙansa ne daga rayuwar matan tsirarun kansu.

Ra'in ya ce sauyi yana ɗaukar lokaci, yana da farko da tsakiya mai cike da rashin tabbas da kuma ƙarshe, kuma sau da yawa mutum yana cikin sauyi fiye da ɗaya a lokaci guda. Abubuwan da ke sauƙaƙa shi ko su tsananta shi sun haɗa da ma'anar da mutum ya ba abin da ke faruwa da shi, da al'adarsa, da ƙarfin aljihunsa, da shirin da ya yi, da taimakon da yake samu daga unguwa da dangi, da kuma yadda al'umma ke kallon irinsa. Ana gane sauyin yana tafiya daidai idan mutum yana jin yana da mutane, yana hulɗa da masu kula da shi, ya fara sanin inda ya dosa, kuma ƙarfin zuciyarsa yana ƙaruwa. Ana cewa ya kammala idan ya ƙware a abin da sabon yanayin ke buƙata, ya kuma karɓi sabon matsayinsa ba tare da ya yar da na da ba.

Misalin matan Koriya ya fi fito da amfanin wannan tunani. Binciken Eun-Ok Im, wadda ɗalibar Meleis ce a San Francisco, ya gano cewa matan masu ƙaramin ƙarfi ba sa ba ɗaukewar al'ada muhimmanci, suna jure alamominta ba tare da zuwa asibiti ba. Dogayen sa'o'in aiki da wahalar zama a baƙuwar ƙasa sun sha gabanta, ga kuma al'adar da ta hana mace yin maganar jinin al'ada a fili da wadda ta sa ta fifita buƙatun iyali a kan nata. Ma'aikacin lafiya da ya tsaya ga alamomin jiki kaɗai ba zai gane dalilin da ya sa ba ta zo ba. A nazarin Sawyer kuma, matan baƙaƙen fata sun ba da labarin yadda ma'aikatan asibiti ke yi musu zaton ba su da aure ko ba su da ilimi tun kafin a tambaye su, abin da ya ƙara musu nauyi a lokacin goyon ciki.

Ra'i na keɓaɓɓen yanayi da ƙa'idojin bincike

A 1999 Im da Meleis suka gabatar da abin da suka kira ra'i na keɓaɓɓen yanayi, wato ƙaramin ra'i da aka tsara don rukuni ɗaya na mutane a wani hali takamaimai, kamar matan Koriya baƙi masu ɗaukewar al'ada. Hujjarsu ita ce manyan ra'o'in da ke ƙoƙarin bayyana kowa da kowa sukan share bambancin jinsi da ƙabila da arziki. Irin wannan ra'i ba a iya shimfiɗa shi a kan sauran jama'a, amma ya fi kusa da abin da ma'aikacin jinya ke gani a bakin gado. A 2021 su biyun suka tace littafi guda a kan wannan hanya.

Meleis ta kuma yi rubutu kan yadda ya kamata a yi bincike a cikin tsiraru. A 1994, tare da Joanne Hall da Patricia Stevens, ta fayyace ma'anar turawa gefe, wato yadda ake mayar da wasu mutane bakin iyakar al'umma saboda asalinsu ko jinsinsu ko talaucinsu, da yadda hakan ke shafar lafiyarsu. A 1996 ta jera ma'aunai takwas na binciken da ya mutunta al'ada. Daga cikinsu akwai sanin yanayin da mutanen ke rayuwa, da tabbatar da cewa tambayar binciken ta dame su su ma, da fahimtar salon maganarsu, da lura da bambancin iko tsakanin mai tambaya da wanda ake tambaya, da ba da isasshen lokaci har a sami yarda, da kuma tabbatar da cewa waɗanda aka yi binciken a kansu sun amfana da shi.

Shugabanci a Jami'ar Pennsylvania

A 2002 aka naɗa ta shugabar Makarantar Aikin Jinya ta Jami'ar Pennsylvania da ke Philadelphia, ɗaya daga cikin manyan makarantun jinya a Amurka, tana kuma riƙe da kujerar farfesa a jinya da ilimin zamantakewa. Ta jagoranci cibiyar makarantar mai haɗin gwiwa da Hukumar Lafiya ta Duniya kan shugabanci a aikin jinya da ungozoma. A zamaninta aka buɗe cibiyar NewCourtland ta nazarin sauye-sauye da lafiya ƙarƙashin Mary Naylor, wadda ta shahara da bincike kan kula da tsofaffi bayan an sallame su daga asibiti. A 2010 jami'ar ta karɓi baƙuncin taron Majalisar Ƙasa da Ƙasa kan Al'amuran Lafiyar Mata, ƙungiyar da Meleis ta daɗe tana jagoranta, kuma taken taron ya shafi lafiyar mata a birane. Ta sauka daga shugabancin makarantar a 2014, Antonia Villarruel ta gaje ta.

Ayyuka a matakin duniya

Meleis tana cikin kwamitin masana da mujallar The Lancet ta wallafa rahotonsa a 2010 kan gyaran karatun ma'aikatan lafiya, wanda Julio Frenk da Lincoln Chen suka jagoranta. Ta kuma shugabanci wani kwamitin kan mata da lafiya tare da Ana Langer ta Jami'ar Harvard, wanda rahotonsa ya fito a mujallar a 2015. Rahoton ya kalli mata ta fuska biyu, a matsayin masu neman lafiya da kuma masu ba da ita. Bisa alƙaluma daga ƙasashe 32, ya ƙiyasta cewa gudummawar mata ga kiwon lafiya ta kai kimanin dala tiriliyan 3 a shekara, kusan kashi 5 cikin 100 na arzikin da duniya ke samarwa, kuma kusan rabin wannan aiki ba a biyan su komai a kansa. Wannan ya zo daidai da abin da ta daɗe tana faɗa tun nazarinta kan 'yan aikin gida. Ta kuma yi aiki a kwamitin amintattu na ƙungiyar agaji ta CARE.

Lambobin yabo

A 1990 shugaban Masar na lokacin, Hosni Mubarak, ya ba ta lambar yabo ta ƙwarewa saboda nasarorinta a fagen ilimi. An zaɓe ta mamba a Cibiyar Nazarin Likitanci ta Amurka, wadda yanzu ake kira National Academy of Medicine. A 2015 ƙungiyar American Academy of Nursing ta sanya ta cikin waɗanda take karramawa da lambarta mafi girma, wadda ake ba manyan ma'aikatan jinya tun suna raye. Jami'o'i a ƙasashe daban-daban sun ba ta digirin girmamawa.

Wasu daga cikin littattafanta

Theoretical Nursing: Development and Progress, bugun farko 1985.

Women's Work, Health and Quality of Life, 2001.

Caring for Women Cross-Culturally, tare da Patricia St. Hill da Juliene Lipson, 2003.

Transitions Theory: Middle-Range and Situation-Specific Theories in Nursing Research and Practice, 2010.

Women's Health and the World's Cities, tare da Eugenie Birch da Susan Wachter, 2011.